Rumbun da Ba Ya Cika

Karatu: Farawa 41:46-57, Luka 12:13-21

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, domin a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara duk suna ciki. Kafin nan an riga an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka, ba a jima ba kuma aka hana sana'ar cajin waya. Mu mutanen Ruwan Godiya da ƙauyukan kewaye muka wayi gari wayoyinmu sun koma fitilu kawai. Ba kira, ba saƙo, ba labarin ɗan'uwa na nesa, har wajen watan Disamba.

A cikin waɗannan watanni ne ɗakin ɗan ƙanena ya zama kamar rijiyar unguwa. Tun yana makaranta a Funtua yake da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta: ba ya ganin abu a intanet ya ƙyale shi. Fim ne, littafi ne, wa'azi ne, waƙa ce, wasan kwamfuta ne, sai ya sauke ya adana. Ya sayi tsohuwar kwamfuta ta gwanjo, da faifan ajiya wanda bai fi tafin hannu ba, ya ɗora ƙaramin farantin sola a kan rufi. Komai ya ba shi wurinsa da sunansa, kamar yadda uwargida take jera kwanukanta. Mahaifinsa yakan ce da a gona ya zuba wannan himma, da ba mu taɓa awo a bazara ba.

Da sabis ya ɗauke, sai ga masu dariya a ƙofarsa, kowa da memori a hannu. 'Yan makaranta suna neman tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Matan zumunta suna neman waƙoƙin sujada. Maƙwabtanmu Musulmi suna karɓar karatu da wa'azin malamansu, gama bai bar nasu a baya ba. Samari suna layin fina-finan Kano da na Indiya masu fassara. Wata tsohuwa a ikkilisiyarmu, wadda ido ya gaza mata, aka zuba mata karatun Zabura da Sabon Alkawari cikin murya a wata 'yar rediyo mai cin memori.

Ran nan ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Baba, ka gani ko? Ajiya maganin wata rana." Na ce masa gaskiyarsa. Amma kashegari karatun safiyata ya faɗo a kan Luka sura 12, labarin mai arzikin da gonarsa ta yi albarka har ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, Allah kuwa ya kira shi wawa a daren nan. Tun daga ranar tambaya ɗaya take bina. Mai tanadi rumbu yake ginawa, mai haɗama ma rumbu yake ginawa. To, mene ne ya raba su?

Kada mu ɗauka wannan ɗabi'a ta ɗan ƙanena ce shi kaɗai. A Turai da Amurka akwai mutane da yawa da suka mai da ita abin sha'awarsu. Mutum yakan keɓe kwamfuta ɗaya a gidansa, wadda ba a kashe ta dare da rana, ya tara fina-finansa da waƙoƙinsa da hotunan iyalinsa a ciki, sauran na'urorin gidan su riƙa ɗiba daga gare ta. Irin wannan kwamfuta ce wasu suke kira uwar garke. Akwai manhajoji irin su Plex da Jellyfin masu jera fina-finai, akwai Calibre mai jera littattafai, wadda Kovid Goyal ya soma a 2006. Mu a nan muna da namu salon. Kowace kasuwa da tasha akwai masu turi, waɗanda za ka miƙa musu waya da 'yan kuɗi kaɗan su cika maka ita. Yaranmu kuma suna tura wa juna ta Xender ba tare da sun kashe data ba. Duk wanda yake da waya a cikinmu yana yawo da ɗan rumbu a aljihu. Saboda haka tambayar ta shafi kowa da ke zaune a majami'a.

Bari mu fara da ba mai ajiya haƙƙinsa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa zagin tanadi ba. Karin Magana ta tura rago wurin tururuwa ya koyi tattara abinci da kaka. Yusufu ya shawarci Fir'auna a keɓe kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekaru bakwai na ƙoshi, ya tara hatsi har aka daina ƙirgawa, da wannan ne Allah ya ceci Masar da gidan Yakubu. Manzo Bulus ma, yana kurkuku, ƙarshen ransa ya kusa, ya aika wa Timoti ya taho masa da alkyabbarsa da littattafansa, musamman na fata. Mutumin da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu bai ga ya wuce bukatar littafi ba.

Akwai kuma wani dalili na zamaninmu. Abin da kake kallo ko karantawa ta intanet yana hannun wani, ranar da ya ga dama sai ya janye. A watan Yuli na 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle da ke hannun mutane, ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, saboda wanda ya sa su a kasuwa ba shi da izini. An mayar musu da kuɗinsu, amma sun koyi cewa kayan aro ba ya rufe katara. Mu ba sai an kai mu Amurka ba, mun koyi namu darasin a 2021. Mai ajiya a gida yana da hujja. Ga kuma abubuwan da in ba mu adana ba, ba wanda zai adana mana: muryar dattijon da yake ba da labarin yadda bishara ta shigo ƙauyensu, waƙoƙin da matanmu suka tsara da bakinsu ba a taɓa bugawa ba, hotunan baftisma da na aure, fuskokin waɗanda aka kashe ko aka kora daga gidajensu. Kakanninmu sun jira har 1932 kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ƙauye guda yakan yi tarayya a kan kofi ɗaya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai raina yaron da ya zuba Maganar Allah a rediyon makauniya ba.

To, in haka ne, ina laifin mai arzikin nan na Luka 12? Bai yi sata ba, gonarsa ce ta ba da amfani. Na daɗe ina duban labaran nan biyu gefe da gefe, na ga sun rabu a wurare uku, kowanne kuwa yana da tambayar da zai yi wa rumbun aljihunmu.

Wuri na fari shi ne ma'auni. Yusufu ya san abin da yake tarawa dominsa: shekaru bakwai na yunwa, da jama'ar da za su ci. Tarinsa yana da iyaka domin yana da manufa. Mai arzikin nan kuwa ba yunwa ya hango ba, wuri ne ya yi masa kaɗan. Rumbun ƙasa yana da wata alheri da ba mu lura da ita: yana cika. In ya cika, dole manomi ya tsaya ya yi tunani, ya sayar, ya ba da zakka, ya aika wa gwauruwa. Rumbun waya ba ya yi mana wannan gargaɗi, in ya cika sai mu sayo mafi girma, farashinsa bai kai na buhun taki ba.

Mu yi lissafi kaɗan. Faifan ɗan ƙanena yana ɗaukar giga dubu. In kowane fim rabin giga ne, fina-finai 2,000 ke nan. Mutum ya kalli ɗaya kowane dare ba fashi, sai ya yi kusan shekara biyar da rabi kafin ya gama. Littafin da rubutu ne zalla sau da yawa bai wuce mega ɗaya ba, wato memori mai giga 32, wanda bai kai farcen yatsa ba, zai iya ɗaukar littattafai wajen 32,000. Mai karanta ɗaya kowane mako yana bukatar shekaru fiye da 600. Zabura ta 90 kuwa ta ƙiyasta mana saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Wa muke tara wa ragowar?

A nan ba ɗan ƙanena nake zargi ba, kaina nake tuhuma. Akwai littattafan tauhidi da sharhin Littafi Mai Tsarki fiye da ɗari a wayata, waɗanda aka turo mini a zaurukan WhatsApp. Ban karanta biyar ba. Amma duk lokacin da na sauke wani sabo, nakan ji wani daɗi kamar na ƙaru da ilimi, alhali ko shafin farko ban buɗe ba. Wannan shi ne ruɗin. Mallaka tana kwaikwayon sani, har mutum ya ƙoshi da ƙanshin tuwo. Mahaifina littattafai uku ya mallaka duk rayuwarsa, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi da wani ɗan littafin koyon karatu, amma abin da ke cikinsu ya koma cikinsa. Ni ina da ɗari, ina kuwa jin kunyar gwada kaina da shi. Isra'ilawa a jeji an umarce su su tattara manna ta yini guda. Waɗanda suka ɓoye ta kwana, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Abin da aka bayar don a ci, in aka mai da shi abin tarawa, ruɓewa yake yi, ko da idonmu bai ga tsutsar ba.

Wuri na biyu shi ne ƙofa. Rumbun Yusufu an gina shi domin ranar buɗewa. Mai arzikin nan kuwa, ku sake karanta maganarsa, ba kowa a ciki sai shi: amfaninsa, rumbunansa, kayansa, ransa. Da kansa ya yi shawara, kansa ya yi wa albishir. Ba mata, ba maƙwabci, ba ma'aikatan da suka yi masa noma, ba Allah. A wannan gwaji ɗan ƙanena ya ci, gama ƙofarsa a buɗe take. Amma ko buɗaɗɗiyar ƙofa tana da nata jarabar. Farawa sura 47 ta nuna mana yadda yunwa ta sa Masarawa suka ba da kuɗinsu, da dabbobinsu, da gonakinsu, daga ƙarshe har kansu, a bakin rumbun Fir'auna. Mai riƙe da mabuɗi a ranar rashi yana da iko a kan mutane. Na ga alamar wannan a ɗakin yaron nan da makonni suka yi nisa: wanda ya taɓa yi masa dariya sai ya jira, 'yan mata kuwa ba sa bin layi. Na ja kunnensa, ya ji. Duk wanda Allah ya ba abin da jama'a suke bukata, ko rijiya ce, ko injin niƙa, ko faifan ajiya, ya tuna shi wakili ne, za a kuwa tambaye shi yadda ya bi da masu zuwa.

Wannan tambaya ta ƙofa tana da ɗaya fuskar: me yake fita ta cikinta? Manomi ba ya zuba guba a rumbu ɗaya da dawa. Amma a memori ɗaya za ka tarar da waƙar yabo tana maƙwabtaka da hotunan batsa, kuma yaron da aka aika a sa masa wasan yara yakan dawo da abin da uwarsa ba za ta iya kallo ba. Wasu masu turi suna cewa su kasuwa suke yi, abin da aka nema suke bayarwa. Ubangiji Yesu ya yi magana mai nauyi ƙwarai a Matiyu 18 a kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe, har ya ambaci dutsen niƙa da zurfin teku. Ɗan'uwa mai wannan sana'a, sana'arka halal ce, amma kai mai tsaron ƙofa ne. Iyaye kuma, wayar da kuka saya wa yaro ɗaki ce kuka gina masa. Kuna shiga ku ga abin da ke ciki?

Wuri na uku ya fi wuya, shi ne asalin hatsin. Na wa ne abin da muka tara? A nan mai arzikin Luka ma ya fi yawancinmu, gama nasa daga gonarsa ya fito. Yawancin fina-finai da littattafai da waƙoƙin da ke wayoyinmu ba mu biya masu su ko sisi ba. Kuɗin da muka ba mai turi ladan turawa ne, ba ya isa hannun wanda ya yi aikin. Masu shirya fina-finan Hausa sun daɗe suna kuka a kan wannan, kasuwar faifan CD ta mutu, da yawansu suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Marubuta littattafan Hausa, waɗanda mata ne da yawa a cikinsu, sukan sayar da labari ta waya a kan 'yan ɗaruruwan naira, kafin gari ya waye wani ya watsa shi kyauta a zauruka goma. Mawaƙan bishara namu sukan ci bashi su shiga situdiyo, mu raira waƙarsu ran Lahadi da hawaye, ba mu taɓa tambayar yadda suka biya bashin ba. Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka, an sa hannu a kan sabuwa a watan Maris na 2023. Amma tun kafin kowace majalisa ta zauna, Littafin Firistoci ya hana a kwana da ladan ma'aikaci, Yakubu kuma ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Na san amsar da za a ba ni, domin ɗan ƙanena ya ba ni ita. Ya ce, "Baba, ni ban ɗauke wa kowa komai ba. In na saci akuya, mai ita ya rasa akuya. In na kwafi littafi, nasa yana nan. Kuma a ina zan saya? Wane kanti ne a Faskari yake sayar da littafin koyon aikin jinya? Ko akwai, kuɗinsa ya fi abin da muke samu a wata." Wannan magana tana da nauyi, ban kuwa yarda a share ta da tsawa ba. Gaskiya ne kwafi ba ɗaya yake da satar akuya ba. Gaskiya ne kuma talaka bai kamata a rufe masa ƙofar ilimi ba.

Abin da ya taimake ni shi ne wata doka a Maimaitawar Shari'a sura 23. An yarda wa wanda ya ratsa gonar maƙwabcinsa ya ci inabi ya ƙoshi, amma kada ya zuba a kwando. An yarda ya murtsuke zangarniya da hannu, amma kada ya sa lauje. An kuma umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da abin da ya zube domin matalauci da baƙo, da wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta. Dubi hikimar da ke nan. Allah bai bar mai yunwa ya mutu a gefen gona ba, bai kuma bar mai gona ya yi noma a banza ba. Ya raba tsakanin hannu da lauje, tsakanin bukata da kwasa. Ban ce wannan doka ta warware kowace matsala ta zamaninmu ba, ba ta kuma soke dokar ƙasa ba. Amma tana ba lamiri ma'auni. Ɗalibar da ta karanta kwafin littafin da ba ta da halin saya tana kusa da mai murtsuke zangarniya. Wanda ya kwashe aikin shekara guda na marubuciya ya watsa wa dubu, ko ya sayar ya ci riba, lauje ya sa a gonar wani. Mai kuɗin sayen data kullum wanda ya ƙi biyan naira ɗari uku ga mai littafi kuwa, ba talauci ne ya hana shi ba. Kada mu ɗora wa mai turi laifin duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mu ne muke miƙa masa wayar.

Akwai kuma gonakin da masu su suka bar wa kowa da gangan. Manhajar YouVersion tana ba da Littafi Mai Tsarki kyauta, har da na Hausa. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, ya tara dubban tsofaffin littattafai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Kiwix tana ba mutum damar adana Wikipedia ya karanta ba tare da intanet ba. Mai son cika rumbu da hannu mai tsabta ba zai rasa abin zubawa ba. Wanda kuma ya amfana da aikin ɗan'uwa mai rai, ya nemi lambarsa ya aika masa da abin da ya sawwaƙa. Zumuntar matasa za ta iya yin wannan ga mawaƙi ɗaya kowace shekara, ba za ta talauce ba.

Saura maganar wasa. Da yamma ɗakin yaron nan yakan cika da samari suna buga ƙwallo a kwamfuta, ihunsu har bakin hanya. Wasu dattawa suka so a hana. Ni ban goyi bayansu ba. Mu ma mun yi dara a gindin bishiya, mun yi langa a dandali da farin wata. Abin da ya kore yaranmu daga dandali zuwa cikin ɗaki ba lalaci ba ne kaɗai, tsoro ne. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wace uwa ce take barin ɗanta a waje bayan magariba da kwanciyar rai? Annabi Zakariya, da yake kwatanta Urushalima bayan Allah ya komo mata da salama, alamar da ya bayar ita ce tsofaffi zaune a tituna da sandunansu, yara maza da mata kuma suna wasa. Wasan yara yana cikin hoton salamar Allah. Dariyar da na ji a ɗakin nan cikin waɗannan watanni masu duhu, na karɓe ta kamar kyauta.

Amma wasa bawa ne mai kyau, mugun ubangida. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ko abin da yake halal a gare shi ba zai yarda ya mallake shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, alamominta kuwa su ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Ba sai likita ya zo ba, uwa ta san ranar da ɗanta ya daina zuwa gona, ya daina cin abinci tare da mutane, ya soma ƙarya a kan kuɗin aike. In kuma aka sa kuɗi a kan wasan, ya tashi daga hutu ya zama caca. Akwai wani abu kuma da na roƙi samarin nan. Na tarar da su wata rana suna wasan harbi, ƙarar bindiga tana tashi daga lasifika, alhali a bayan katangar akwai gwauruwar da wannan ƙara ta mayar gwauruwa. Ban ce wasan zai mai da su 'yan bindiga ba. Na ce ƙauna tana da kunne, tana jin abin da maƙwabci yake ji. Suka kashe, suka koma ƙwallo.

Bari in faɗa muku ƙarshen faifan nan. Bayan sabis ya dawo, wani dare aka yi gudu, kamar yadda aka saba a yankinmu. Yaron ya suri jakarsa cikin duhu, ya faɗi a kwazazzabo, faifan ya bugu da dutse. Da ƙura ta lafa ya kai shi wurin masu gyara, aka ce ba ya tashi. Tarin shekara shida ya tafi cikin dare ɗaya. Ya yi kwana uku ba ya magana. Na tuna da gargaɗin Ubangiji a kan dukiyar da asu da tsatsa suke ci, ɓarayi kuma suke fasawa, amma ban faɗa masa ba, gama ba ranar wa'azi ba ce.

Abin da ya faru bayan haka shi ya sa na rubuta wannan. Mutane suka ji labari, suka soma zuwa da memorinsu. Wannan ya kawo waƙoƙin zumunta, wancan ya kawo tambayoyin jarrabawa, wani maƙwabcinmu Musulmi ya kawo hotunan bikin ƙanwar yaron da aka taɓa tura masa. Duk abin da ya taɓa bayarwa ya dawo. Abin da ya ɓata har abada shi ne abin da ya ajiye wa kansa, fina-finai ɗaruruwa da bai taɓa kallo ba, da littattafan da ba wanda ya taɓa buɗewa. Tsohuwar nan kuwa, rediyonta ya lalace tun tuni, amma ran Lahadi ta tashi a majami'a ta karanta Zabura ta 23 da ka, ta bi da Yahaya sura 14, ba ta yi tuntuɓe ba. Ta saurara har maganar ta koma ciki, inda ba dutse ko ɗan bindiga da zai kai.

Saboda haka, 'yan'uwana cikin Almasihu, ban ce ku zubar da memorinku ba. Ku adana, gama wata rana tana zuwa. Wanda yake da abu mai daraja ma ya ajiye shi wuri biyu. Amma a wannan mako kowa ya buɗe rumbun aljihunsa a gaban Allah ya duba. Abin da kunya za ta kama ka in ɗanka ya gani, goge shi. Abin da na wani ne kuma kana da halin biya, biya. Abin da zai amfani maƙwabci, kai masa tun bai roƙa ba. Daga cikin littattafan da ka tara kuma, zaɓi ɗaya ka karanta shi har ƙarshe kafin ka sauke wani. Mai arzikin nan ba a hukunta shi don girman rumbunsa ba. Ubangiji ya ce ya tara wa kansa, amma ba shi da komai a wurin Allah.

Addu'a: Ya Uba na Sama, kai ne mai ba da iri ga mai shuka da abinci ga mai ci. Mun gode maka domin ilimi da waƙa da wasa, da hikimar da ka ba 'yan adam ta adana su. Ka gafarta mana inda muka tara abin da ba mu bukata, da inda muka ci gumin wani ba mu biya ba. Ka koya mana ƙirga kwanakinmu. Ka sa ƙofofinmu su zama a buɗe, hannuwanmu da tsabta. Ka komo da salama a Ruwan Godiya da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da dukan ƙasarmu, har yaranmu su sake yin wasa a dandali ba tsoro. Ka ajiye Maganarka a zukatanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.